Riga Mai Lamba Arba'in da Bakwai

"Kansila, ka ba mu amsa!" wani dattijo ya ɗaga murya daga bayan taro. "Su wa kuke ba rigar acaɓa? Kuma me ya sa ka hana a sare kurmin hanyar Tsaskiya, alhali nan ake tare mutane?"

Malama Mahfuza tana zaune cikin mata. Wata huɗu ke nan da mijinta Zainu, ɗan acaɓa, ya ɗauki fasinja ya bi ta kurmin. Har yau babu shi, babu babur.

Kansila Musaddiq ya gyara hula. "Baba, itatuwan nan amana ce, ko reshe ba za a taɓa ba. Maganar riga kuwa, ku kwantar da hankalinku. Duk wanda kuka gani da riga mai lamba, ni na tantance shi da kaina, na san inda yake kwana."

Ya yafito ɗan acaɓar da ya kawo shi. "Ga misali. Juya su gani."

Mutumin ya juya baya. Lamba arba'in da bakwai.

Mahfuza ta ƙura wa rigar ido. Lambar Zainu ce. Ƙasan bakwai ɗin ga ɗinkin hannunta da koren zare, don baƙin ya ƙare mata ranar da Zainu ya fita.

Ta ɗago kai. Ita kansila yake kallo, yana murmushi.

"Malama, ke ma kina da tambaya ne?"