Robar da ke Lilo a Motar Baba

Tsakanin Bodinga da Shagari motar Baba ta fara kakari, buhunan albasa jibge a baya, ga kasuwa tana shirin tashi. Da ya ɗaga ƙafa daga totur sai ta jijjiga ta mutu.

Ya buɗe gabanta, ya kwance fulogi ya goge da gefen rigarsa, ya zuƙi tiyon mai da baki ya tofar. Har yau ina jin warin fetur ɗin nan haɗe da na albasa.

Ni kuwa ina shekara tara, ina kallon wata siririyar roba da ta zame daga kafireto tana lilo. Na ce, "Baba..."

"Yi man shiru! Yaro ba shi magana in manya na aiki."

Na kama bakina. Sai bayan la'asar hannunsa ya taɓa robar. Ya mayar da ita, mota ta tashi lafiya lau, kasuwa kuwa ta watse.

"Tun ɗazu na gan ta," in ji ni.

Ya juyo. "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Ga ni da furfura, Allah ya jiƙan Baba, amma tambayar nan har yau haushi take ba ni.