Kyamara a Hular Ɗanta

Da ɗalibinta ya kunna na'urar a gaban taron baƙi, Farfesa ta gyara zama.

Aikin rayuwarta ke nan: na'ura mai koyon magana yadda yaro ke koya. Tun ɗanta yana rarrafe ta maƙala masa 'yar kyamara a hula, duk abin da ya gani ko ya ji aka ɗura wa na'urar. In an ba ta kalma, sai ta zana abin da ta fahimta. Yau yaron har ya ajiye gemu, yana zaune a layin baya.

Aka rubuta "cokali", cokali ya fito a allo. Aka rubuta "kyanwa", sai ga kyanwar gidansu da yagaggen kunnenta. Aka yi dariya, aka tafa.

"Ranki ya daɗe, a gwada 'Mama' mana," in ji wani baƙo.

Ɗalibin ya rubuta. Sai ga ƙeyar wata mace, ta sunkuya kan kwamfuta.

"Kuskure ne, Farfesa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari in sake."

Daga layin baya ɗanta ya ce, "Bar shi, malam. Ita ce."