Kaset Marar Suna

Ƙarfe tara na safe Dakta ta hau matakalar sashen nazarin harsuna, da takardar ma'aikatar ilimi, inda take aiki, a hannunta. Takardar gajera ce. Duk sashen jami'a da ɗalibansa ba su kai ashirin ba, a rufe shi. Na nan su bakwai ne.

Ta san matakalar nan. Mahaifinta, Allah ya jiƙansa, shi ne direban sashen har ƙarfinsa ya ƙare. Tana ƙarama a nan take zama da jakar makaranta, tana jiran ya dawo daga kai malamai ƙauyuka. Ita kaɗai gare shi. Mutum ne marar magana. In aka taɓo zancen da, sai ya tashi ya tafi goge mota. Goggonta da ta raine ta kan yi mata tsiya, wai ta shiga jami'a tun ba ta iya fyace majina ba.

Yau ba zama ya kawo ta ba. Kwana biyu aka ba ta ta kwashe ɗakin kaset, za a zuba kwamfutoci a ciki.

Ɗakin warin tsohuwar takarda yake yi. Kantoci har rufi, kaset dubu da ɗoriya: tatsuniyoyi, waƙoƙin aiki, hirar tsofaffi, duk abin da malaman sashen suka bi gari gari suka ɗauka. Mai kula da su wani dattijo ne da ɗalibai ke kira Baban Rediyo. Shekararsa ashirin a ɗakin, kunnensa ɗaya ya mutu.

Ta karanta masa dokar. Kaset ɗin da sunan mai magana ke jikinsa, a juye shi a kwamfuta. Wanda babu suna a ƙona, don an hana jami'a riƙe muryar mutumin da ba a san ko ya yarda ba.

"Ranki ya daɗe, suna da suna," in ji dattijon. "Tsohon Farfesa ne ba ya rubuta sunan mace a jikin kaset. Ya ce matan mutane ne, ba za a baje su a kanta kowa ya karanta ba. Lamba yake sa musu, sunan yana cikin littafinsa."

"Ina littafin?"

"Da ya rasu iyalinsa suka haɗa da kayansa suka koma garinsu. Ki ba ni mako guda."

"Baba, ni ma kwana biyu aka ba ni."

"To ko guda ki saurara, don Allah."

Bai jira ta amsa ba. Ya zaro wani daga kanta ta sama, lamba ɗari huɗu da sha biyu. Ya ce bai san mai shi ba, amma shi yake sawa in ɗakin ya yi masa shiru da yawa.

Rikoda ta yi ta shuu, sai ƙarar bokiti. Sannan muryar wata mace, siririya, da jin ta yarinya ce, tana yi wa jariri waƙa. Ta kai tsakiya dariya ta ƙwace mata. "Malam, kashe abin nan, wallahi kunya nake ji." Wani namiji ya yi tari can gefe. Jaririn ya tsala kuka. Matar ta koma waƙar a hankali, kukan na danne ta.

Dakta ta yi gyaran murya. Ta ɗora laifin a kan ƙurar ɗakin.

"Kukan yaron nan ya ɓata sautin," ta ce. "Babu abin da mai bincike zai tsinta a ciki."

Ta sa hannu a takardar ƙonawa.

Marasa suna sun kai ɗari huɗu da arba'in, dukansu mata. Washegari aka kai su ramin bayan gini, inda ake ƙona tsofaffin takardun jarrabawa. Hayaƙin baƙi ne, warin roba ya cika ajujuwa. Dakta ta tsaya har wutar ta cinye, don doka ta ce sai jami'i ya shaida da idonsa. Baban Rediyo bai zo aiki ba. Ta ɗauka fushi ne.

Ta aika rahotonta a kan lokaci, aka yaba mata. Abu guda ya dame ta: waƙar ta ƙi barin kanta. Tana wanke kofi ta ji tana rera ta, tana tuƙi haka.

A rana ta huɗu dattijon ya shigo ofishinta, ƙafafunsa furu-furu da ƙura, idonsa ja. Kwana biyu ya yi a mota, zuwa garin Farfesa da dawowa. Ya ajiye wani baƙin littafi mai cinyayyen bango a kan teburinta.

"Na san na makara," ya ce. "Ki ajiye a ma'aikatarku. A dai san cewa sun taɓa magana."

Bai zauna ba, bai karɓi ruwa ba. Ya fita.

Ta ja littafin za ta jefa a durowa, sai ta buɗe. So take kawai ta san mai waƙar da ta hana ta sakat. Ta bi lambobin da yatsa, shafi bayan shafi, har ɗari huɗu da sha biyu. Kwanan watan da ke gefe na shekarar haihuwarta ne.

Rubutun Farfesa ƙanana ne, a tsare: "Matar direbanmu, tana lallashin 'yarsu, wata biyu da haihuwa."

A ƙasa, da wata tawada dabam, ya ƙara layi guda: "Ta rasu bayan mako uku. Mijinta ya ce shi ba zai iya saurara ba, a ajiye wa yarinyar, in ta girma ta ji muryar uwarta."