Jakadan Fafaroma da Kujera Mai Hannuwa

Zauna, Habila, ka daina hura hanci. Mutanen gari sun aike ka wajen hakimi kan maganar gonakinsu, ka juyo tun daga zaure wai don ba a shimfiɗa maka tabarma ba. To bari in ba ka misalin da nake bai wa irinku. Ni kaina duk sanda na ba da shi sai tsigar jikina ta tashi.

A ce can ƙasar Turawa, zamanin da ake tafiya da keken doki, akwai wani babban bishop. Ɗan mai gasa burodi ne, amma Allah ya ba shi kai da baki. Harsuna biyar yake ji, in kuwa ya rubuto maka wasiƙar ƙin buƙatarka sai ka ɗauka kyauta ya aiko maka. Fafaroma na lokacin ya ga wannan baiwa, ya naɗa shi babban bishop na wani gari mai ganuwa a bakin kogi, amma tun bai gama sanin sunayen firistocinsa ba ya janye shi ya mai da shi jakada. Shekara ashirin da shida yana yawo daga fadar wannan sarki zuwa ta wancan, ya sasanta masu rikicin gadon sarauta, ya karɓo fursunonin yaƙi. Sau biyu tak mutanen garinsa suka taɓa ganin fuskarsa, duk da haka kowace Lahadi sai sun ambaci sunansa cikin addu'a. Ba mugun mutum ba ne, kada ka ce na ce.

Rannan wani sarki mai zafin kai ya tura runduna ta kewaye garin nan, ya rantse sai ya mai da shi toka. Mutanen ciki suka rufe ƙofofi, suka aika wa bishop ɗinsu cewa hatsin da ya rage musu na kwana arba'in ne. Fafaroma ya ba shi wasiƙa mai hatimi, ya ce maza. A wancan zamani ba sarkin da ya isa ya karɓi irin wannan wasiƙa a gaban fadawansa ya ce a'a, don sai a rufe majami'un ƙasarsa duka, ba ɗaurin aure, ba jana'iza, talakawansa su juya masa baya. Kwana tara bishop ya yi a hanya, dawaki biyu suka faɗi matattu don tsabar sauri.

To su a fadodinsu da kujera ake auna mutum. Sarki yana zama a kan mai hannuwa biyu, jakadan Fafaroma ma haka. Hakimai ana ba su mai jingina kawai, saura kuwa 'yar ƙarama mara baya. Bishop ya iso ƙofar zauren sarki da wasiƙa a hannu, ya leƙa, ya ga mai jingina aka ajiye masa, babu hannuwa. Taku goma sha biyu ne tsakaninsa da sarki, Habila. Taku goma sha biyu! Sai ya ja ya tsaya cik. Ya ce in ya zauna a kan wannan ya zubar da girman wanda ya aiko shi, kuma duk jakadan da zai zo bayansa a ƙasa za a zaunar da shi. Ya juya ya koma masauki.

Aka shiga aike-aike. Ya rubuta, aka rubuto. Aka ce a bari a tono tsofaffin littattafai a ga wace iri aka bai wa jakadan da ya zo zamanin kakan sarki. Aka ce sarki ya tafi farauta. Aka kawo shawarar kowa ya tsaya a tsaye, bishop ya ce ai shi ba ɗan aike ba ne. Wani tsohon firist da ya rako shi ya durƙusa yana hawaye, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a kan tubali ne ka zauna, mutane fa suna dafa fatar takalmi." Bishop ya ce masa bai san aikin jakadanci ba. Kullum sai ya ƙirga kwanaki a yatsa ya ce ai da sauran hatsi. Ashe daga ranar da ya karanta saƙon yake ƙirgawa, ya manta saƙon ma sai da ya yi kwana goma sha biyu kafin ya iske shi.

Ran kwana na ashirin da biyar da isowarsa aka ce ya zo, an yarda. Ya shiga ya tarar da kujera mai hannuwa, an lulluɓe ta da jan karammiski. Ya zauna, ya gyara riga, ya miƙa wasiƙa. Sarki ya karɓa da hannu biyu, ya sumbaci hatimin, ya karanta har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, na bi, ba zan ƙara taɓa garin nan ba. Sai dai yau kwana huɗu ke nan da yunwa ta sa suka buɗe ƙofa, sojojina suka shiga. An ce mini waɗanda suka fake a cocinka suna ta kiran sunanka har rufin ya rufta musu da wuta. Da ka shigo ranar farko, da ba ni da bakin ƙi. Shi ya sa ni da kaina na sa aka ajiye maka mara hannuwa a ranar."

Kai, kai, kai! Mutum dubu shida, har da jarirai a bayan uwayensu. Ni abin har yau yana ci mini rai. Bishop bai tashi daga kujerar nan ba. Sai da fadawa biyu suka kama hammatarsa suka fitar da shi, sarki na zaune yana kallo.

Irin wannan ne Hausawa suke nufi da suka ce, garin neman gira an rasa ido.