Layar Gindin Bindiga

Ni na fara gane shi, kafin kowa a Madarunfa. Wani Barmo, mai fataucin shanu, ya dire mini tsohuwar bindigar bature a maƙerata, ya ce, "Baba, ƙarfen gindinta ya yi tsatsa, yana cin mini kafaɗa. A goge."

Na kwance ƙusoshin, na ɗaga ƙarfen, sai ga laya. Ban yi boko ba, amma na san ɗinkin hannuna. Ni na sa wa ɗana Abdurrahman ita, kafin ɓarayi su yanka shi a dajin Gabi.

Na mayar da ita inda na same ta. Na goge ƙarfen da toka da lemun tsami har ya yi ƙyalli, washegari na miƙa masa.

Bayan kwana uku, da rana tsaka, ya tare ni a gona. "Tsoho, ka ga layar ko?" Ya saita ni, ya ja kunama.

Bindigar ta fashe a hannunsa, yatsu suka watse cikin gero. Tun ranar gyara na narka darma na toshe cikinta.

Mai musu ya je gidan kaso ya miƙa wa Barmo hannu, ya ga da me zai karɓa.