Kuɗin Idon Ammi

Ƙanƙara Tanwir yake nema a firij lokacin da ya ji labarin cewa yayansa Mushtak ya turo kuɗin aikin idon mahaifiyarsu Ammi daga Sharja. Ya ture wata ƙatuwar ledar garahuni da ta tare masa hanya, ya ja tsaki, domin duk Multan babu wanda ya kai shi ƙin garahuni. Ya rufe firij yana murmushi.

Akwai abokinsa Parwez da zai shigo da 'ya'yan jimina, yana neman abokin tarayya. Aro ne kawai, in ji Tanwir. Kafin ranar da likita zai cire wa Ammi yanar ido, kuɗin sun dawo har da 'yan rakiya. Haka ya ce bara a kan kiwon zomaye.

Katin bankin Ammi a aljihunsa yake kwana. Ya je injin cirar kuɗi, injin ya ce babu. Ya dawo gida yana huci, ya tarar da matarsa Shagufta tana murza burodi a madafi. Ita ce mai riƙe hannun Ammi duk inda za ta, ko jiya sun fita tare, sun dawo da kayan miya.

"Ke, ina kuɗin nan?"

Ta gyara gyalenta, idonta a ƙasa. "An yi musu freeze. Yaya Mushtak ne ya ce a yi."

Tanwir ya taɓa aikin wata huɗu a shagon canji, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya jingina da firij ya fara karatu. Freeze, in ji shi, kalma ce ta manyan ma'aikatan banki. Kuɗinka ne, suna nan, kana iya tsayawa dab da su, amma hannunka ba zai kai ba.

"Kin gane, ko in sake? 'Yar aji biyar."

"Na gane," in ji ta.

Ya kira Mushtak. Mushtak ya ce eh, shi ya ce wa Shagufta kada ko rupi ɗaya na kuɗin ya motsa, ya kashe waya. Tanwir ya je banki, aka ce sai mai asusu da kanta. Ya lallaɓi Ammi ta bi shi bankin, Ammi ta ce gwiwarta. Ya sayo mata alewar jalebi, ta cinye, gwiwar ba ta warke ba.

Kullum da rana zai buɗe firij ya ɗebi ƙanƙarar da zai sa a lassi, damammen nononsa, ya zagi garahunin, ya zagi bankuna. Ran da aka ɗauke wuta tun safe, Shagufta da ba ta iya ɗaga murya ta tsare mai kurar ƙanƙara a bakin ƙofa, ta sayi rabin dutsen ƙanƙara ta sa a firij. Tanwir ya ce a kan ganye mai ɗaci ake wannan ɓarna.

Parwez ya gaji da jira, ya ba wani gurbin. Tanwir ya yi kwana uku ba ya magana da kowa sai firij.

Ranar aiki suka shiga keke mai inji su uku, Shagufta na rungume da jaka a cinya. A hanya ya tambaye ta ko an saki kuɗin. Ta ce tun asuba aka fito da su, sun ɗan saki.

"Unfreeze ake cewa," ya gyara mata.

A tagar biyan kuɗi ta miƙa ƙunshin. Mai karɓar kuɗin ya lashi yatsa ya fara ƙirga, ya tsaya, ya hura hannunsa, ya sunsuna takardar.

"Baiwar Allah," ya ce, "kuɗin sun cika, amma me ya sa suke da sanyi haka, kuma suke warin garahuni?"