Rigar Atiku

Shekara bakwai ke nan da Atiku, mijin Ruƙayyatu, ya bar Fakku ya nufi Makka a ƙafa. Har aka yi bikin 'yancin kai, ko wasiƙa bai aiko ba. Ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba.

Tana dama fura a kasuwar Kebbe, sai ga Maccido maɗinki ya tsaya a gabanta. Ta gane takalminsa tun kafin ta ɗaga ido.

"Na ga alƙali," ya ce a hankali. "In kin kai ƙara, zai raba auren. Kina gama idda in turo magabatana."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Rabon da ta ji sanyi a ranta haka, har ta manta. Sai ta tuna Goggo, mahaifiyar Atiku, wadda duk mako take sa ta wanke rigarsa, kada ya dawo ya iske ta da ƙura.

"Malam Maccido, ran da na tsaya gaban alƙali, ran nan ɗan tsohuwar nan ya mutu."

"To, ke fa? Sai yaushe?"

Ta miƙa masa ƙwaryar ba tare da ta dube shi ba.

"Sha furarka. Gobe ina da wanki."